Neman shawara: ban gama warwarewa ba ga tsere ya zo, kuma an ce ruwa da iska za a yi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu keke. Dan Allah shawara nake nema, a faɗa min gaskiya ko ba za ta min daɗi ba. Akwai tseren titi da na yi rajista tun tuni, na masu sha'awa ne irinmu ba na ƙwararru ba, kilomita 90 da hawa biyu masu tsawo, ranar Lahadin nan. Wata da watanni ina tirenin saboda shi, sai ga zazzabi da mura sun kwantar da ni tarin ya sauka har ƙirji, na sha magani zazzaɓin ya tafi amma tarin bai sake ni ba musamman da asuba. Jiya na ɗan fita gwaji a hankali, ƙafafun nan sun yi nauyi, abin da ya fi damuna kuma agogona yana nuna bugun zuciya ya haura, gudun da na saba yi a bugu 135 a minti yanzu sai na ga 150 da wani abu, ko a kwance da safe ma ya ƙaru da kusan 10. Ga shi hasashen yanayi ya ce ruwa ne da iska mai ƙarfi ranar, sanyi wajen digiri 7. Wallahi raina yana wajen tseren nan. In je in lallaɓa a bayan ayari ko in haƙura?

Wani matashi a cikin 'yan tsere:
Wa alaikumus salam yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai da ni ne zuwa zan yi, jiki da ya ɗau zafi tarin zai washe, kuma a ruwa ake gane 'yan keke na gaske. Ka tuna Bernard Hinault, shahararren ɗan tseren keke na Faransa, a tseren Liège-Bastogne-Liège na ƙasar Beljiyam na 1980, ƙanƙara na zuba, mutum 174 suka tashi 21 kawai suka ƙarasa, shi ya zo na ɗaya da tazarar sama da minti 9. Ka maƙale a bayan mutane su tare maka iska shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya, ita ma tana keke:
Ƙanena da ka yi magana a sama, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma wannan shawarar tana da haɗari. Malam mai tambaya, ni ba ruwan ne ya tsaya min a rai ba, bugun zuciyar nan ne. Akwai wata ƙa'ida da masu kula da 'yan wasa suke amfani da ita, in ciwon daga wuya ya yi sama ne, irin toshewar hanci da atishawa, mutum zai iya motsa jiki kaɗan kaɗan, amma in ya sauka ƙasa da wuya, tari a ƙirji, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, to hutu ne ba wani zance. Kai naka ya sauka. Dalilin da ya sa ake tsoro shi ne wasu ƙwayoyin cutar da ke kawo mura suna iya taɓa tsokar zuciya ta kumbura, mutum yana yawo yana ganin ya warke, in ya matsa wa zuciyar da aiki mai tsanani a wannan halin bugunta zai iya rikicewa farat ɗaya. Kuma duk wanda aka tabbatar yana da kumburin nan, wata 3 zuwa 6 ake hana shi wasa. Ba na ce kana da shi ba, sau da yawa bugu yana hawa ne kawai don jiki bai gama farfaɗowa ba ko ruwan jiki ya yi ƙasa, amma ba a group za mu tantance wannan ba. Ka je likita ya saurari ƙirjinka, a yi maka awon bugun zuciya na ECG, in ya ga da buƙata a ɗebi jini a duba. In kuma kana jin ciwon ƙirji, ko faɗuwar gaba haka kawai, ko jiri, ko numfashi yana yanke maka a ɗan hawan bene, kar ka jira gobe.

Dattijon group, tsohon ɗan tsere:
Na gode 'yata, kin faɗi babban. Yaro mai kawo labarin Hinault, ka ƙarasa labarin mana, ai mutumin da lafiyarsa ƙalau ya shiga, kuma duk da haka sanyin ranar ya bar masa mutuwar yatsu da ya daɗe yana fama da ita. Shi sana'arsa ce, da mota a bayansa ɗauke da kayan canji. Kai wa zai bi ka? Ko su ƙwararrun yanzu ba a barinsu haka, a 2013 sai da aka tsayar da tseren Milan-San Remo na Italiya saboda ƙanƙara aka kwashe su a bas aka tsallake da su, daga 2016 kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa dokar da za a iya rage tsere ko soke shi in yanayi ya yi muni.

Bari in gaya maka yadda digiri 7 da ruwa yake a kan keke, don a takarda ba ya da ban tsoro. A hawa ba za ka ji komai ba, gumi ma za ka yi, rigar ciki ta jiƙe. Sai an juyo gangara, ka daina taka feda, iska na dukan jiƙaƙƙen ƙirji kana gudun kilomita 50 ko 60, ruwan tayar na gabanka yana feso maka ƙasa a baki da ido, nan ne haƙora za su fara haɗuwa, kafaɗu na rawa har kan keken yana girgiza, ka kai hannu birki ka ji yatsun ba sa matsewa. Na ga ƙato ya sauka a keke ya kasa ɓalle igiyar hularsa sai da aka ɓalle masa. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 tunani ma ba ya zama daidai, mutum ya shiga kwana da gudun da da hankalinsa ba zai yi ba. Zancen maƙalewa a baya kuwa, gaskiya ne bin bayan wani yana rage wahala kusan kashi ɗaya cikin uku, amma wannan in iskar daga gaba take. In ta gefe ce ayarin tsinkewa yake gida gida, mai rauni shi ake fara yarwa, sai ka tsinci kanka kai kaɗai a tsakiyar hanya da tari da sanyi, ga sauran kilomita 50. Da muguwar rawa gara ƙin tashi ɗana.

Wani mai bin tseren Turai:
Ku tuna Sonny Colbrelli ɗan Italiya. Shi ya ci tseren Paris-Roubaix na Faransa a 2021 cikin ruwa da taɓo, a watan Maris na 2022 ya fita daga tseren Paris-Nice da ciwon ƙirji na mashaƙo, ya dawo ya shiga tseren Kataloniya, ya zo na biyu a ranar farko, yana tsallake layi ya faɗi zuciyarsa ta tsaya. Masu agajin da ke wurin ne suka ceto shi, aka dasa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya a ƙirji, kafin shekarar ta ƙare ya bar tsere yana da shekara 32. Ba hukunci nake yankewa kan abin da ya jawo ba, abin da nake so ka duba shi ne shi akwai likitoci a bakin layi, a irin tserenmu fa motar asibiti ɗaya ce in ma akwai.

Admin:
Ƙarin abu ɗaya tunda na san halinmu. Kar wani ya ce zai haɗiyi maganin zazzaɓi ko na ciwon jiki da safe don ya danne abin ya hau keke, dannewa ba warkewa ba ce. Wasu magungunan mura kuma akwai pseudoephedrine a ciki, yana ƙara bugun zuciya, kuma in ya wuce ƙa'ida hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta hana shi a gasa. Tramadol ma UCI ta hana tun 2019. Sannan ka duba maganin da aka ba ka, in dangin ciprofloxacin ne ka gaya wa likita kana wasa, don yana raunana jijiyar agara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti maganarki ta shige ni, don shekaranjiya da dare na ji gabana yana bugawa da sauri na ɗan lokaci na ɗauka gajiya ce. Gobe da safe in sha Allahu asibiti zan fara. Na tura wa masu shirya tseren saƙo ko za su mayar min da rajistar zuwa na gaba. Baba in likita ya ce lafiya lau, yaya zan dawo ba tare da na yi asarar tirenin ɗin da na tara ba?

Dattijon group:
Ba za ka yi asararsa ba, hutun sati ɗaya ko biyu ɗan kaɗan yake ragewa kuma da wuri yake dawowa. Ka bari tarin ya tafi, bugun safe ya koma inda ka san shi kwana biyu uku a jere. Ka fara da minti 30 a giya mai sauƙi, gudun da za ka iya hira ba haki, a busasshiyar rana ko a cikin ɗaki. In ka tashi washegari garau ka ƙara kaɗan, in bugun ya sake hawa ka koma baya. Hawa da gudun ƙure ƙarfi su ne na ƙarshe, sai ka yi kamar sati kana jin daɗin jikinka. Ruwa kuma za mu koye shi tare in ka miƙe, a rage iskar taya kaɗan, a kama birki tun kafin kwana, a guji farin fentin titi da murfin ƙarfe.

Ma'aikaciyar jinya:
Ka tafi da agogon naka ka nuna wa likita lambobin kafin ciwon da na yanzu, kuma ka faɗa masa zancen bugun daren nan da bakinka ko bai tambaya ba. Yau dai kar ka hau keke ko na zagaye. Allah ya ba da lafiya, ka sanar da mu yadda aka yi.