Daga ƙaramin hafsa zuwa kwamandan jirgin yaƙi mai nutso

Na tattara abin da tsofaffin hafsoshin sojan ruwan Amurka suka fi nanatawa da aka tambaye su yadda ake kaiwa ga riƙe jirgi mai nutso.

Bakinsu ya zo ɗaya kan karatu. Duk jiragen Amurka masu nutso da nukiliya suke tafiya, don haka sabon hafsa yakan yi kusan wata 6 a makarantar nukiliya kusa da birnin Charleston, wasu 6 a gaban injin gaske, sannan ya wuce makarantar jirage masu nutso da ke garin Groton. Suka ce wanda lissafinsa ke da rauni ya gyara tun kafin ya je.

Inda suka fi daɗewa suna bayani shi ne zangon farko a teku, kuma nan ya fi taɓa ni. Kafin a maƙala masa tambarin zinare mai siffar dabbar dolfin a ƙirji, alamar ya ƙware a aikin jirgi mai nutso, sai ya bi bututu bayan bututu da tocila a hannu, ya san kowane makunni, ya amsa tambayoyin manyansa. Shawararsu: ya sauke girman kai, ya zauna gaban tsofaffin kuratan da suka san jirgin kamar yunwar cikinsu.

Daga nan sai shugabancin sashe, ko injiniya, ko makamai, ko tsara hanya, sai mataimakin kwamanda. Kujerar kwamanda takan zo bayan sama da shekara 15.

Wasu suka ƙara da maganar iyali: a yi shawara da su tun wuri, domin ana shafe watanni a ƙarƙashin ruwa, saƙo ma sai jefi-jefi.