Jera katako a bangon banɗaki da hannunka

Masu gyara banɗaki da kansu irin na gidajen gona a Amurka sun fi jan kunne kan danshi. Kada katako ya kai inda ruwan wanka ke fantsama, nan wurin tayil ne. A shafe kowane falle da fenti gaba da baya, har bakin da zarto ya ci, don ta nan yake shan ruwa ya kumbura. Ni ma nan na fi ba wa muhimmanci. Ƙusa ta shiga ginshiƙan katakon da ke cikin bango, waɗanda a gidajen Amurka galibi inci 16 ne tsakaninsu. Tazarar fallaye kuwa, kwabo ake saƙalawa don ta daidaita. Wasu sun gwammace fallayen PVC, wato na roba, maimakon katako tunda ba ya ruɓewa. Fankar fitar da tururi kam dole ce.