Wai shan ruwa yana sauke suga?

Mai kemis, Gumel: Jama'a, zance ne ke yawo bakin mata: wai mai ciwon suga in ta shanye ledar fiya wata goma a wuni, ba sai ta sha magani ba. Ni dai na ce akwai ƙamshin gaskiya. In jiki ya bushe, ruwan jini yana raguwa, suga ya yi kauri kamar kunun da aka manta a kan murhu. Sai awon suga ya hau alhali ba ta ci komai ba.

Ungozoma, Ringim: Malam, kaurin na yarda. "Ba sai magani ba" ɗin nan ne ramin. Ƙoda ba ta fara zubar da suga a fitsari sai ya kai wajen 180 a na'urar awon suga. Ruwa yana taya ta, amma ba ya gyara insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Mai ciki kuwa, gwajin suga tsakanin sati 24 da 28 ba a fasa shi don tana shan ruwa.

Jami'in lafiya, Kazaure: Ku duba ɗaya ɓangaren. Fitsari ya dami mace, ga kasuwa ba bayi, ga kunya, sai ta rage ruwa. Alhali sugan ne ke jawo ruwan waje. Jiki ya ƙara bushewa, sinadarin da ke riƙe ruwa ya sa hanta ta ƙara sako suga. Tsohuwa a haka suganta yana iya haura 600, ta fara sambatu, a ce iska ce.

Mai kemis: To Hajiya, leda nawa za mu ce?

Ungozoma: Leda rabin lita ce. Huɗu zuwa biyar, a rarraba. Da bazara ko ranar roron gyaɗa a ƙara, mai shayarwa ma haka, tunda nono kaɗai yana ɗibar kusan 750ml a wuni. Fitsari ya zama fari-fari, ba kalar shayi ba. Mai ciwon ƙoda ko zuciya, likita ne zai yanke mata. Kuma zoɓo da kunun zaƙi ba ruwa ba ne.

Jami'in lafiya: In awo ya faɗi ƙasa da 70, ruwa ba ya komai, sukari za a ba ta. In amai da gudawa ne, a dakatar da metformin, ƙwayar maganin suga, a kai ta asibiti.

Mai kemis: Ruwan gishiri da sukari fa? Ni tsoronsa nake.

Ungozoma: Sukarin ƙaramin cokali shida ne a lita guda, Malam. A ba ta tana kurɓa a hanya, bushewar ta fi shi haɗari.