Kamfanin Palm ya riga Apple fitar da wayar komai-da-ruwanka, to me ya tsayar da shi?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina da tambaya a kan wani kamfanin Amurka mai suna Palm, wanda na lura yawancin sa'o'ina ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da na fahimta shi ne, tun a 1996 ya fitar da 'yar ƙaramar kwamfuta ta sakawa a aljihu mai suna Pilot, wadda ake rubutu a fuskarta da ɗan tsinke, kuma shekaru kafin duniya ta ga iPhone yana sayar da wayar Treo mai karɓar imel da shiga intanet. Duk da haka, a 2010 aka sayar da kamfanin baki ɗaya ga kamfanin kwamfuta na HP, yau kuwa abin da ya fi fitowa fili cikin aikinsa shi ne manhajar webOS da ke cikin talabijin na LG.

Ina karatun kwamfuta a nan Katsina, kuma mun yi gardama da abokan karatuna a kan wannan batu ba mu cimma matsaya ba. Wasu sun ce kuɗi ne suka gaza, wasu sun ce shugabannin ne suka sakankance. Ina roƙon wanda ya san tarihin abin ya fayyace mana yadda kamfanin da ya yi gaba da wuri haka ya daina kawo sabon abu har aka wuce shi.

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina amsar tana cikin babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, da kuma tambayar wane ne ya mallake ta a shekarun da aka fi bukatar sabunta ta.

Jeff Hawkins ne ya kafa Palm a 1992, kuma nasarar Pilot ta samo asali ne daga taƙaita buri. An ruwaito cewa kafin a ƙera na'urar, ya riƙa yawo da guntun katako mai girmanta a aljihunsa domin ya gane abin da mutum zai bukata da gaske. Don haka aka tsara manhajar Palm OS ta yi ayyuka kaɗan cikin sauri, wato kalanda, da lambobin mutane, da jerin abin da za a yi, da 'yar takardar rubutu, kuma batir ya daɗe. Wannan tsari ya dace da 1996 ƙwarai. Matsalarsa ita ce an gina shi ne domin manhaja guda ta yi aiki a lokaci guda, kuma babu shinge mai ƙarfi tsakanin manhajoji, ta yadda idan ɗaya ta lalace takan sa na'urar gaba ɗaya ta mutu ta sake tashi.

Mallakar kamfanin ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. U.S. Robotics ya saye shi a 1995, sai 3Com ya haɗiye U.S. Robotics a 1997, sai Hawkins da Donna Dubinsky da Ed Colligan suka fice a 1998 suka kafa Handspring. A can Handspring ɗin aka ƙirƙiro Treo, ba a cikin Palm ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda masu sabon tunani suke a lokacin. A 2003 aka yanke shawarar da nake ganin ita ce ta karya kamfanin. An raba shi gida biyu: masu ƙera na'ura suka haɗe da Handspring suka zama palmOne, masu manhaja kuma suka zama kamfani mai zaman kansa, PalmSource. Hujjar ita ce a riƙa sayar wa wasu kamfanoni lasisin manhajar kamar yadda Microsoft ke yi da Windows, amma babban mai sayen lasisin, Sony, bai jima ba ya janye daga wannan kasuwa.

PalmSource ya sanar da sabuwar manhaja mai suna Cobalt a 2004, wadda aka yi niyyar ta gyara duk raunin da na ambata, sai dai ba a taɓa sayar da waya ko guda mai ɗauke da ita a kasuwa ba. A 2005 wani kamfanin Japan mai suna ACCESS ya saye PalmSource, aka wayi gari Palm, wato ɓangaren ƙera na'ura da aka kira palmOne, ba shi da iko a kan manhajar da ke ɗauke da sunansa. A farkon 2006 ya fitar da Treo mai aiki da Windows Mobile, manhajar abokin hamayyarsa na shekara da shekaru, kuma a ƙarshen wannan shekara ya biya ACCESS dala miliyan 44 domin ya sami izinin ci gaba da amfani da tsohuwar manhajarsa da yi mata gyara.

Duk tsawon wannan lokaci ana fitar da sababbin Treo, ana rage kauri, ana cire eriya, ana sauya launi. Abin ya yi kama da gidan ƙasa da ake yi wa sabon yaɓe duk shekara alhali gara ta cinye azarar ciki. Wayar Centro da ta fito a ƙarshen 2007, watanni bayan iPhone ya shiga kasuwa, tana tafiya ne a kan tushen manhajar da aka fitar tun 2002. A 2006 ma Colligan, wanda yake shugabancin Palm a lokacin, ya fito fili ya nuna cewa masu ƙera kwamfuta ba za su shigo harkar waya haka kawai su gane kanta ba, watanni kaɗan kafin Apple ya nuna tasa wayar a Janairun 2007.

Hajiya daga Daura ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, bayaninka ya gamsar a kan shekarun 2003 zuwa 2007, amma ban yarda a ce kamfanin ya mutu ne don ya kasa ƙirƙira ba. Idan aka dubi abin da ya nuna a Janairun 2009, wato wayar Pre da manhajar webOS, za a ga abubuwan da manyan kamfanoni ba su kai gare su ba sai daga baya. Kowace manhaja da aka buɗe tana fitowa kamar kati, mutum ya ture ta sama da yatsa idan ya gama, kuma irin wannan tsari ne ke cikin wayoyinmu a yau. Wayar tana tattaro lambobin mutum daga imel da Facebook ta haɗa su wuri ɗaya, kuma tana da abin caji da ake ɗora ta a kai ba tare da soka igiya ba. Jon Rubinstein, wanda ya jagoranci aikin iPod a Apple, shi aka ɗauko a 2007 ya jagoranci wannan aiki, bayan masu zuba jari na Elevation Partners sun sa dala miliyan 325.

Ni harkar lissafin kuɗi na karanta, don haka ta nan nake kallon abin. Pre ta fito a Yunin 2009 a kan layin Sprint kaɗai, wanda ba shi ne mafi yawan masu amfani a Amurka ba, kuma cikin makonni biyu Apple ya fitar da iPhone 3GS. A lokacin rumbun manhajojin Apple ya kai manhaja dubu 50, na Palm kuwa 'yan ƙalilan ne. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin layin waya na Verizon ya zuba kuɗin tallansa a kan wayar Droid ta Motorola mai aiki da Android. Ƙaramin kamfani mai asara ba zai iya jure shekaru uku ko huɗu yana jiran masu haɗa manhaja su waiwayo shi ba, alhali Apple da Google suna da wasu hanyoyin samun kuɗi da za su ciyar da wayoyinsu da su. Fasahar ta zo, sai dai ta zo a lokacin da aljihun ya riga ya huje.

Mai Gyaran Waya, Ƙofar Ƙaura, ya amsa:

Ni dai a teburin gyara na koyi abin da na sani, kuma Palm ba ta yi yawa a hannun mutanenmu ba, amma mun ga irin wannan labari da idonmu a kan BlackBerry. Akwai lokacin da matashi a garin nan ba ya jin ya cika sai yana da lambar PIN da zai bayar a yi hira da shi ta BBM, manhajar hira ta BlackBerry, ana biyan kuɗin BIS, wato tsarin intanet na wayar, duk wata ba tare da ƙorafi ba. Kamfanin da ke yin ta a lokacin, Research In Motion na ƙasar Kanada, ya dogara da madannanta da tsaron imel, saboda abin da manyan ma'aikata da gwamnatoci suke so ke nan. Sabuwar manhajarsa, BlackBerry 10, ba ta fito ba sai a Janairun 2013, kuma bai bar BBM ya shiga Android da iPhone ba sai ƙarshen wannan shekarar, lokacin da WhatsApp ya riga ya kwashe jama'a domin yana aiki a kan kowace irin waya.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar Hajiya shi ne, sabon abu ba lallai ya zama mai ban mamaki ba. Wayoyin Tecno da itel sun ci kasuwarmu ne da abubuwan da mai saye yake tambaya kafin ya taya: layi biyu saboda sabis ba ya zama daidai a ko'ina, batir mai kwana saboda halin wutar lantarki, da farashin da ɗan kasuwa ko ɗalibi zai iya biya. Kuma idan fuskar ta fashe, ana samun wata a kasuwa a ranar. Wanda ya zo daga Mashi ko Mani ba ya tambayata sunan manhajar da ke ciki, yana tambaya ne ko tana riƙe caji.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, idan matsalar ƙarshe ta kuɗi ce kamar yadda Hajiya ta ce, me ya sa HP da ya saye kamfanin, kuma yake da kuɗi masu yawa, bai iya ceto webOS ba?

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Hajiya, na karɓi maganarki a kan ingancin webOS, amma ina ganin ƙarancin kuɗin 2009 ɗa ne ga jinkirin da ya gabace shi. Da irin wannan manhaja ta fito a 2005, lokacin da Treo ke kan ganiyarta kuma dubban masu haɗa manhaja suna rubuta wa Palm OS, da kamfanin bai shiga gasar a matsayin baƙo ba. Har a 2007 hankalin shugabannin ya rabu, domin sun sanar da wata 'yar kwamfuta mai suna Foleo a watan Mayu, suka soke ta a Satumba kafin a sayar da ko guda.

Game da tambayarka, ɗan'uwa, HP ya biya kimanin dala biliyan 1.2 a 2010, amma shugaban da ya ƙulla cinikin, Mark Hurd, ya sauka daga muƙaminsa a Agustan wannan shekarar. Wanda ya gaje shi, Léo Apotheker, daga harkar manhajojin manyan kamfanoni ya fito, kuma can ya so ya karkata HP. An fitar da kwamfutar hannu ta TouchPad a farkon Yulin 2011, aka dakatar da ita a tsakiyar Agusta, kwana 49 kacal, sannan aka karya farashin ragowar zuwa dala 99 domin a rabu da kayan. Kafin nan ma wasu daga cikin waɗanda suka tsara webOS sun watse, ciki har da Matias Duarte, wanda ya koma Google a 2010 ya jagoranci tsara fasalin Android. LG ya sayi manhajar daga HP a 2013, kuma a 2014 ya fara sanya ta a talabijin ɗinsa.