Wurin shaƙatawa mai masauki don iyali: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Baban Ilham, Kubwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar masaukai. Hutun makaranta na Disamba ya gabato, ina so in fitar da iyali daga Abuja na 'yan kwanaki. Mu bakwai ne: ni, maiɗakina, ƙanwarta, da yara huɗu masu shekara 12, 9, 6 da ƙaramar mai shekara 2. Abin da nake dubawa shi ne irin wuraren nan da ake kwana a ciki, a ci a ciki, yara su yi wasa a ciki, ga wurin ninƙaya ga hawan doki, ba sai an fita ba. Sai dai farashinsu ya ninka na otal ɗin cikin gari. Ƙarin kuɗin nan ya cancanta, ko gara in kama gidan haya na kwanaki a Jos mu riƙa fita yawo? Yankari ma tana raina.

Malam Nura, Wuse

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Kafin a ce ya cancanta ko bai cancanta ba, sai an san ainihin kuɗin. Farashin da ake faɗa maka a waya na ɗaki ne kawai, kuma sau da yawa rabi ne da 'yan kai na abin da za ka biya ranar tafiya.

Ga lissafin. Lambobin na misali ne, ka cire su ka sa waɗanda aka ba ka. Ku bakwai ɗaki biyu za ku kama, ko gida mai ɗaki biyu da falo. A ce kowane ɗaki N80,000 a dare, dare uku, N480,000 ke nan. A kan wannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda haka yake tun Fabrairun 2020, sannan manyan masaukai da yawa suna ɗora kuɗin hidima na kashi 10. Su biyun sun kama N84,000, ɗakuna sun koma N564,000. Wasu jihohin, irin su Legas, suna da nasu harajin na kashi 5 a kan otal da abinci. Don haka tambayarka ta farko ita ce: farashin nan har da haraji da kuɗin hidima?

Sai abinci, kuma a nan ne yawancin mutane ke shan mamaki. Karin kumallon da ake cewa kyauta ne, galibi na mutum biyu ne a kowane ɗaki, wato huɗu cikin ku bakwai, sauran sai an biya musu. Abincin rana da na dare kuwa duk a wuyanka suke. A ce faranti N7,000, faranti shida tunda ƙaramar za ta ci da mamanta, sau biyu a rana, kwana uku: N252,000, da haraji da hidima ya haura N296,000. Ba a sa ruwan roba da lemo ba, waɗanda sun fi na shago tsada nesa ba kusa ba, kuma wurin da ke bayan gari babu wani shagon da za ka leƙa. Ka ga daga N480,000 an kai N860,000, ba a hau doki ba, ba a sha mai ba.

Wasannin ma ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Wurin ninƙaya da lilo yawanci suna cikin kuɗin ɗaki. Doki, kwale-kwale, keke da babur mai ƙafa huɗu kuwa kowanne da tikitinsa, kowane yaro, kowane zagaye. Yara uku in sun ɗanɗana yau, gobe ma sai sun nema.

Ka kuma lura da agogo. Ana ba da ɗaki wajen ƙarfe 2 na rana, a karɓe shi ƙarfe 12 na rana. Dare biyu yini ɗaya ne cikakke, sauran hanya ce da haɗa kaya. In za a yi, a yi dare uku, daga Litinin zuwa Alhamis, domin a tsakiyar mako an fi samun ragi kuma ba cunkoso. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, da kwanakin Sallah, su ne mafi tsada.

A ganina, duk wanda zai riƙa fita da safe zuwa gidan zoo da ziyarar dangi ya dawo da magariba, kada ya kama irin wannan wuri. Kayan wasan da ya biya wa kuɗi wasu ne za su more su.

Maman Sadiq, Jos

Malam Nura ya gama magana a kan kuɗi. Ni kan Jos zan tsaya, Baban Ilham, domin watan da ka zaɓa yana canja lissafin.

Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka wajen digiri 10. Ruwan wuraren ninƙaya ba a cika ɗumama shi ba. Yaro zai iya shiga ne kawai tsakanin sha biyun rana da La'asar, shi ma minti kaɗan ya fito yana karkarwa, washegari ga mura. To in wurin ninƙaya ne babban abin da ya tsadantar da masaukin, a wannan watan asara ce.

A Jos gidan haya mai kicin ya fi muku, saboda abin kallon a waje yake kuma kuɗin shiga ba yawa. Akwai gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972. Akwai gidan tarihi na 1952 da gidan zoo a gefensa, kuma a harabar akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, abin da yaran da suka taso a Abuja ya kamata su gani da idonsu. Manyan biyun za su iya hawa wani sashe na duwatsun Shere in da ɗan jagora. Cefane kuwa kasuwar Farin Gada ta wadatar: dankalin Turawa, kabeji, karas, tumatir.

Kafin ka biya kowane gida, ka tambayi abu uku. Akwai hita a kowane banɗaki, kuma tana aiki in an tayar da janareta? Ƙananan injina da yawa ba sa ɗaukarta, sai a ce a jira wutar NEPA. Daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake kunna injin? Bargo nawa ne a kowane gado? Ku taho da naku guda biyu, da rigunan sanyi, safa, hula da man shafawa mai kauri saboda hunturu.

Gargaɗi biyu, don Allah a riƙe su. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Na biyu, tafkunan da za ku gani a Rayfield da wajen Bukuru tsofaffin ramukan haƙar kuza ne. Bakinsu yana da gangara, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani, ba wurin wanka ba ne ko ga wanda ya iya ruwa. In za a hau kwale-kwale, sai kowane yaro ya sa rigar hana nutsewa daidai jikinsa.

Hanya ta Keffi da Akwanga awa huɗu zuwa biyar ce. A tashi bayan Asuba, a sa bakanike ya duba birki da ruwan lagireto saboda Hawan Kibo, kuma kada dare ya yi muku a hanya. Faɗuwar ruwa ta Assop tana nan kusa da gindin hawan, wuri ne mai kyau na tsayawa a miƙe ƙafa.

Anti Bilki, Gwarinpa

Ina da ja a wuri ɗaya, Maman Sadiq. A gidan haya wa zai dafa abincin mutum bakwai sau uku a rana, ya wanke kwanuka, ya bi 'yar shekara biyu? Maman Ilham da ƙanwarta. Kuɗin da aka ce an rage, gumin su ne ya biya shi. Wannan ya kamata ya shiga lissafi kamar yadda VAT ya shiga.

Abin da ake saya a wurin shaƙatawa na iyali ke nan: kwana uku ba girki, ba wanke-wanke, yara suna guje-guje cikin shinge ba fargabar mota, uba kuma ba ya tuƙi kullum. Da wannan tunanin aka fara harkar a Turai. Kamfanin Club Med ya soma a 1950 da tsarin biya sau ɗaya, kwana da ci da wasanni duk a ciki. Kamfanin Center Parcs kuma, wanda ya samo asali a Holan, kuɗin masauki da wurin ninƙaya ne a haɗe, sauran wasanni a biya daban, kuma farashinsa yana tashi sosai a hutun makaranta. Namu na nan sun fi kama da na biyun. Saboda haka, Baban Ilham, ka nemi a ba ka farashin dunƙule na mutum bakwai da abinci sau uku, a rubuce. In suka yarda, shi ne zai nuna maka gaskiyar tsadar.

Shekarun yaranka sun dace: 6 zuwa 12 su ne masu cin moriyar irin wurin. Da duk ba su kai shekara huɗu ba, da na ce a bari tukuna.

Amma ba kowane wuri ne ya dace da gidan Musulmi ba. A tambaya ko an ba da filin haya don biki ko casu a kwanakin, domin kiɗa har biyun dare ya ɓata komai. A nemi ɗakunan da ke nesa da mashaya. A ji ko akwai lokacin da aka ware wa mata a wurin ninƙaya. In babu, Maman Ilham da ƙanwarta kallo kawai za su yi. A tambayi daga ina namansu yake, akwai masallaci, akwai buta a banɗaki. Wurin ninƙayar kansa a tsaya a duba: in ba a ganin ƙasan ruwan a ɓangare mai zurfi, ba a kula da shi yadda ya kamata, kada yara su shiga. In babu ma'aikacin ceto a zaune a bakin ruwan, babba ɗaya ya ajiye waya ya zama shi ne mai gadin.

Alhaji Ɗanlami, Mararaba

Yankari lissafinta daban ne, domin abin da ke can ba a samunsa a wani otal. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun, ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, dare da rana, garau kana ganin yashin ƙasa. Matsalar sanyin da Maman Sadiq ta faɗa babu ita a nan. Sai dai wani ɓangaren ya kusa mita 2 zurfi, mai shekara 6 da ƙaramar su tsaya inda ba zurfi, da babba a kusa.

Nisan ne abin dubawa. Daga Jos zuwa Bauchi kusan kilomita 130, daga Bauchi a bi hanyar Gombe zuwa Dindima a karya, a isa ƙofar shiga a Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sama da kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. Daga Abuja da ƙananan yara, kada a yi shi a yini ɗaya. A kwana a Jos ko Bauchi. A cika tanki a Bauchi, a duba safaya, a riƙe tsabar kuɗi saboda sabis yakan yi rauni, POS ya ƙi aiki.

Kuɗin shiga daban, na ɗaki daban, na motar zagayen daji da ɗan jagora daban. Dabbobi an fi ganinsu daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. A Disamba ana ganin gwambaza, ɓauna da gadu, amma giwa sa'a ce, kada a yi wa yara alkawarinta. Fitar sassafe ko ta yamma ta fi. A sa kaya masu dogon hannu, kuma a guji baƙi da shuɗi, su ne ke jan ƙudan tsando.

Gwaggon biri a sansanin ba sa tsoron mutum. Suna fizge leda daga hannun yaro, suna shiga ɗaki ko mota in an bar su a buɗe. Kada yaro ya fita da abinci a hannu, kada a ba su komai. Ku tafi da guzurin da ba ya lalacewa: dambun nama, kilishi, cincin, garin kunu, madara, katan ɗin ruwa, gidan sauro da maganin zazzaɓin yara. Dare biyu sun isa.

Baban Ilham, Kubwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maganar Anti Bilki ta shige ni. Yanzu na karkata ga dare biyu a Jos, biyu a Yankari, kuma a Jos ɗin za mu riƙa sayen abincin rana da na dare a waje. Saura tambaya ɗaya: ana neman in tura rabin kuɗi kafin mu zo. Yaya ake yi?

Malam Nura, Wuse

Kafin alƙalami al'ada ce a lokacin hutu, amma akwai shafukan bogi a Instagram da Facebook masu ɗauke da hotunan wuraren gaske. Kada ka tura kuɗi asusun mutum. Sunan asusun ya zama na kamfanin. Ka sa a yi maka kiran bidiyo daga cikin ɗakin da za a ba ka, a buɗe famfo, a kunna hita kana gani. In kana da ɗan'uwa a Jos, ya je da ƙafarsa. Bayan ka biya, a turo maka rasit mai ranar shiga da ta fita, adadin ɗakuna, adadin masu karin kumallo, da nawa za a mayar maka in tafiyar ta fasu. Ragowar kuɗin kuma sai ka karɓi makulli ka duba ɗakin.