Na'urar faifai 300 ta Baba: wace manhaja ce za ta iya da ita?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu yana da na'urar CD ta Sony da ya sayo a Sabon Gari shekarun baya, irin wadda ake jera wa faifai 300 a tsaye a kan faranti mai juyawa. A goshinta an rubuta CDP-CX355. Kusan cike take: tafsirin azumi na shekaru da dama, karatun Alƙur'ani, sai waƙoƙin noma da na sarauta. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya ganin lambar da ke fitowa a ɗan gilashin, littafin da ya rubuta lambobin kuma ruwa ya ci shi a daminar bara. Sai ya ce a sa masa tafsirin Suratul Kahfi, mu yi ta murɗa maɓalli muna lalube har ya gaji ya ce a bari. Wallahi abin yana ci mini rai. Na ji an ce akwai manhajar da ake haɗa irin wannan da kwamfuta, ka ga sunan kowane faifai, ka danna ya tashi. Wa ya san ta?

Malamin Kwamfuta, Dutse: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Akwai ta, ba ƙarya aka gaya maka ba. Juya bayan na'urar, za ka ga 'yan ramuka irin na abin sauraro na kunne, an rubuta CONTROL A1 II a kansu. Wasu S-Link suke ce masa. Ta nan Sony ta tsara na'urorinta su riƙa magana da juna. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Amurka mai suna Nirvis ya ƙera ɗan akwati, Slink-e, wanda ke shiga tsakanin wannan rami da kwamfuta, tare da manhajarsa CDJ. Ita ce ke zagaya faifan ɗaya bayan ɗaya, ta karanta yawan waƙoƙin kowanne da tsawonsu, ta nemo sunayen a intanet, ta jera maka. Har na'ura fiye da ɗaya tana iya riƙewa. Amma an daɗe da daina ƙera akwatin, sai dai na hannu a kasuwannin intanet na waje, ita kuma manhajar ta zamanin Windows 98 da XP ce.

Ɗan Ringim: Na duba yanzun nan Malam, ramukan suna nan guda biyu. Ke nan sautin ma ta nan zai shiga kwamfutar?

Malamin Kwamfuta, Dutse: A'a. Umarni kawai ke bi ta wayar: ɗauko faifai na 112, tsallaka zuwa na uku, tsaya. Sauti yana nan a wayoyinsa ja da fari da ke zuwa amfilifaya. Kwamfutar ta zama rimot mai ido ne kawai.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba manhaja na sani ba, amma cikin waɗannan na'urori na sani, na buɗe su ba sau ɗaya ba. Ɗana, kafin ka kashe ko sisi a kan waya da akwati, gaya mini: idan ka kira faifai, farantin yana juyawa ya tsaya cak a lambar, ko yana wucewa ya dawo yana ɗan kuka? Hannun da ke ɗaukar faifan yana ɗauka sau ɗaya, ko sai ya yi ta gwadawa?

Ɗan Ringim: Baba, wani lokaci yana ƙugi kamar zai ɗauka sai ya fasa. Sai an kashe an kunna.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil: To ka ji. Bel ne. Akwai 'yan robobi a ciki masu jan faranti da hannun lodi, shekaru da zafin garinmu suna sa su saki, wasu ma su narke su zama kamar kwalta a jikin ƙarfen. In ka ɗora wa na'ura mai sakakken bel manhajar da za ta sa ta zagaya faifai 300 a jere, a tsakiyar aiki za ta maƙale, kuma sau da yawa da faifai a bakinta take maƙalewa. Na ga wanda ya sa ƙarfi ya fizgo, faifan ya tsage gida biyu. A canja bel, a goge tsohon man da ya daskare da ƙurar hunturu, a share idon da ke karanta faifan da auduga da ɗan sifirit, a hankali, ba dirzawa ba. Kuma kada ka ɗauko ta a babur da faifan a ciki. Duk za su zube daga ramukansu su cakuɗe. Ka kwashe su tukuna, kowanne ka rubuta lambar raminsa a jikin ledar da ka sa shi.

Anti Gumel: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ɗaya ce ga Malamin Kwamfuta. Ka ce manhajar intanet take zuwa ta nemo sunaye. To faifan tafsirin da aka buga a shago a cikin Kano, wanda aka rubuta sunansa da maka a kai, wace intanet ce ta san shi?

Malamin Kwamfuta, Dutse: Anti kin taɓo inda gizo ke saƙar. Ba ta san shi ba. Rumbun da ake tambaya a da shi ne CDDB, wanda ya koma Gracenote, sai freedb da aka rufe a 2020, yanzu akwai gnudb da MusicBrainz. Dukkansu da yawan waƙoƙi da tsawonsu suke gane faifai, kuma sai wani ya taɓa shigar da sunan kafin a same shi. Faifanmu na gida ba wanda ya shigar. Wani lokaci ma tsawon ya yi kama da na wani faifan Turawa, sai ka ga an liƙa wa karatun malam sunan da ba nasa ba. Don haka ko da Slink-e ɗin ya zo hannunka, da hannunka za ka rubuta kusan duka.

Anti Gumel: To ai shi ke nan. In dai rubutun ba makawa, a fara da shi. Mu a gidanmu da mahaifiyarmu ta daina gani sosai, kwali muka samu muka rubuta lambobi manya-manya da baƙin maka, muka rataye a bango kusa da na'urar. Jikokinta ne ke karanta mata su danna.

Ƙaramin Injiniya, Kazaure: Yaya Ɗan Ringim, ni a ganina ba sai ka jira akwatin waje ba. Saƙon da ke bi ta wannan waya ba sirri ba ne, mutane sun daɗe da warware shi. Ɗan bugun wuta ne: dogo na fara magana, mikrosakan 2400 (mikrosakan miliyan ɗaya ne ke yin daƙiƙa ɗaya), sai na 1200 yana nufin ɗaya, na 600 yana nufin sifili, da tazarar 600 a tsakani. Arduino, wato ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, yana iya yin wannan ba wahala. Abin da ake buƙata shi ne Arduino Uno ko Nano, jak na milimita 3.5, ɗan tiransista da rizisto, saboda waya ɗaya ce ke kai umarni kuma ta dawo da amsa, ba a so a tura mata wuta kai tsaye. Akwai waɗanda suka rubuta lambobin aikin suka ajiye kyauta a shafin intanet na GitHub, ka nemi S-Link ko Control A1. Daga nan sai ka haɗa da laftof ta USB, jerin sunayen yana cikin Excel, ka zaɓi layi a aika lambar. In ka yarda ni zan zo har gida in haɗa, ina son in gwada da hannuna.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil: Yaro ka iya, Allah ya yi albarka. Amma ka gwada a kan wata na'urar tukuna, ba ta dattijo ba. In ka ƙona wannan layin, allon ciki ne ya tafi, kuma ba a samunsa a kasuwa sai an yanka wata.

Ƙaramin Injiniya, Kazaure: Gaskiya ne Baba, na karɓa. In akwai matacciya a shagonka wadda allonta ke da rai, a ara mini.

Direban Maigatari: Ni dai hanya mai sauƙi na bi da tawa, Pioneer ce mai ɗaukar 101. Wayata Redmi ce, tana da ɗan idon rimot a ka. Na sa manhajar rimot, na ajiye jerin faifan a cikin wayar, in ina son wani sai in duba lamba in danna. Ba waya ba akwati. Aibinta ɗaya, ita wayar ba ta san abin da na'urar ke ciki ba, aikawa kawai take yi. Kuma ba kowace waya ke da idon ba, a duba kafin a saya.

Malamin Kwamfuta, Dutse: Wannan ma hanya ce. Akwai kuma abin da muka manta: irin wannan Sony tana da ramin kibod a gaba, mai zagayen baki na tsofaffin kwamfutoci, PS/2. A Beirut Road za ka samu kibod ɗin na hannu da araha. Ka jona, ka rubuta wa kowane rami gajeren suna, ya riƙa fitowa a gilashi. Haruffan da take ɗauka kaɗan ne, sai ka taƙaita: KAHFI 1, KAHFI 2. Amma ka ajiye kwafi a takarda.

Sai dai bari in faɗi abin da ke raina tun ɗazu. Abin da ya fi na'urar daraja shi ne abin da ke cikin faifan. Yawancinsu irin waɗanda ake bugawa a kwamfuta ne, masu launin kore ko shuɗi a ƙasa, kuma su zafi da rana suna cinye su a hankali. Wata rana za ka sa, ya yi ta tsalle, daga nan shiru. Wasu daga cikin malaman nan sun rasu, mai shagon da ya buga ma wataƙila ya tashi. Ka sami laftof mai cin CD, ko ka sayi na waje mai USB, ka kwashe su duka. Manhajar kwafar faifai ta Exact Audio Copy kyauta ce a Windows, tana maimaita karatun wurin da ya karce har sai ta tabbatar. In ta yi maka nauyi, fre:ac ta fi sauƙin sarrafawa. Faifai ɗaya bai wuce minti 80 ba. A MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, minti ɗaya kusan megabait ɗaya ne, ke nan duka 300 ba za su wuce gigabait 24 ba, memori mai 32 ya ɗauke su. Waƙoƙin da kake son sautinsu ya zauna yadda yake, ka ajiye a FLAC, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, kowane faifai zai ci wajen megabait 300 zuwa 400.

Ɗan Ringim: Malam na fahimta, kuma zan yi. Amma Baba ba zai yarda da memori ba. Na taɓa kawo masa 'yar rediyo mai cin memori, kwana biyu ya ba yara. Ya ce shi yana son ya ji ƙarar farantin nan yana juyawa kafin malam ya fara. Bayan la'asar yake zama a zaure da abokansa biyu, a kunna, a zuba shayi. Ba na son in raba shi da wannan.

Kawu, Birnin Kudu: Kada ka raba shi da ita, ɗana. Ba wanda ya ce a jefar. Ka gyara masa abarsa ya ci gaba da ji, kai kuma ka kwashe karatun ka adana saboda ƙannenka da 'ya'yanku. Ni kasusuwan kaset na mahaifina na bari a buhu a rumbu, ina cewa gobe, gobe, har gara ta shiga. Muryarsa tana karanta wasiyya tana ciki. Har yau in na tuna sai hawaye.

Anti Gumel: Allah ya ji ƙansa Kawu, ya sa Aljanna ce makoma.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil: Amin. Ƙarin abu biyu. Duk faifan da aka manna wa takarda a kai, kada ya koma ciki, zafi na ɗaga takardar ta naɗe a hannun lodi. Kuma wajen mayarwa, fuskar rubutu tana kallon dama. Sannan ka karanta bayan na'urar da kyau. In an rubuta 120V, ta Amurka ce, dole da taransifoma mai sauke wuta, don tamu 230 ce. In kuna sola da inbata, ya fi mata lafiya a kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka.

Malamin Kwamfuta, Dutse: Kuma in ka ci karo da faifan da ta ƙi karantawa, kada ka yi saurin cewa ya mutu. Da yawa daga na kasuwa MP3 ne ko na bidiyo, ita kuwa 355 faifan sauti zalla take ci. Ƙanwarta CX455 mai ɗaukar 400 ita ce ke karanta MP3. Sa shi a laftof ka gani.

Ɗan Ringim: Salamu alaikum, na dawo da labari. Jiya da yau ni da ƙannena biyu muka shimfiɗa tabarma muka kwashe su. 274 muka ƙirga. 31 suna da takarda a kai, na ware su. Guda 9 da muke zaton sun lalace ashe MP3 ne, sun buɗe a laftof lafiya lau. Taransifoma kuwa tana nan a bayan kabad, ashe tun farko da ita Baba ya saya, 120V ce kamar yadda aka ce. Da muna rubuta lambobin, Baba ya zo ya zauna, in na karanta masa abin da ke jikin faifai sai ya ce wannan na shekarar da aka yi ambaliya ne, wannan a Wudil na saya ranar da na sayar da bijimi. Har wanda rubutunsa ya goge, da na sa ya ji minti ɗaya sai ya faɗi sura da malamin. Na ƙara layi a littafin ina rubuta abin da yake faɗa. Na kwafi 18 a laftof zuwa yanzu, biyu sun ba ni wahala.

Ƙaramin Injiniya, Kazaure: Masha Allah. Yaya ka turo mini jerin in ka gama, in tsara shi yadda Arduino zai karanta.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil: Kawo ta ranar Juma'a da sassafe kafin kasuwa ta cika. Ka naɗe ta a bargo, ka riƙe ta a kwance a kan cinya, kada a ɗaure ta a bayan babur. Ka taho da rimot ɗin da faifai biyu da ba ka jin asararsu, da su za mu gwada. Yaron Kazaure, akwai wata mai 200 a ƙarƙashin teburina, idonta ya mutu amma tana kunnuwa, ka zo ka ɗauka.