Abin da ɗaliban Garwa suka tsayar kan haɗuwar sinadarai

Ɗaliban kimiyya a Garwa sun zauna da malaminsu, shawarar farko ita ce a rage hadda, a riƙa tambaya: in sinadarai sun haɗu, kyautar elektaron (ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki a jikin kowane sinadari) aka yi ko tarayya? Sodiyam ya ba kulorin guda, gishiri ya samu, riƙon da ƙarfi, ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas. A ƙwayar ruwa kuwa tarayya ake yi.

Inda aka fi daɗewa, kuma a ganina nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: in tukunya ta tafasa, ƙwayar ruwa ba ta tsagewa, jan da ke tsakanin ƙwayoyin ne yake saki. Na fetur ba shi da ƙarfi, yana saurin bin iska, shi ya sa masu sayar da shi a bakin titi suke toshe bakin kwalba da kyau.